Na kai Inna aikin ido kyauta na ɗan takararmu, ga abin da idona ya gani

Tun ranar da muka dawo mutane ke tare ni a masallaci da kasuwa suna tambaya, wai da gaske ne aikin idon nan kyauta ne ko dai irin na siyasa ne a ɗauki hoto a watse, shi yasa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ba zan faɗi sunan ɗan takarar ba balle jam'iyyarsa, wanda yake mazaɓarmu ya san shi, kujerar majalisar wakilai ta tarayya yake nema, ɗaya daga cikin guda 24 da jihar Kano take da su a cikin 360 na ƙasa baki ɗaya. Ni ba ɗan kwamitinsa bane, ban taɓa cin ko naira ɗayarsa ba, mahaifiyata kawai na kai.

Inna ta kusa shekara uku tana fama da yana a idon dama, na hagun ma ya fara. Da farko cewa take kamar hazo ne, daga baya ta daina gane fuskar mutum sai ya yi magana, jikokinta ma da murya take bambance su. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne Alƙur'aninta mai manyan baƙi da ta ajiye a kan kwaba, kullum sai ta shafa shi ta mayar. Mun je asibiti an faɗa mana kuɗin aiki, muka fara tarawa, sai aka cire tallafin mai a Mayun 2023 komai ya tashi, kuɗin da aka tara ya tafi a masara da kuɗin makaranta. Akwai wata ƙanwar babanmu da ta dage sai a kai ta wajen mai maganin gargajiya irin masu tura yanar cikin ido da tsinke, na ce wallahi ba da ni ba, don na san wani tsoho a layinmu da aka yi wa haka, sati biyu yana murna yana gani daga nan idon ya mutu gaba ɗaya. Binciken makanta na ƙasa da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ya nuna yanar ido ita ce kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya, kusan kashi 43 cikin 100, abu ne kuma da ake gyarawa a aikin da bai kai rabin awa ba.

To ɗan takarar nan dama ba ya zama, in an yi rasuwa yana wajen ta'aziyya, ya sa kofin ƙwallo na matasa, ya gyara famfon burtsatse biyu a unguwarmu wanda ɗaya har yanzu yana aiki, lokacin JAMB ya buɗe ofishinsa ana taimaka wa yara da gyaran NIN da biyan kuɗin fam, da azumi ya raba hatsi. Duk na gani, wasu sun yi amfani wasu kuma hayaniya ce ta fi yawa, kofin ƙwallon ma da faɗa aka tashi. Amma aikin idon nan daban yake.

Mun isa bayan asuba kaɗan, a Adaidaita Sahu, muka tarar layi har ya zagaye katangar asibitin da ake aikin, aka ba mu kati mai lamba 214. Gaskiya an yi tsari a nan, an kafa rumfa, an raba maza da mata, an kawo benci da kujerun roba, ana raba fiya wata. Tsofaffin da ba sa iya tsayuwa ana shigar da su gaba. Wata nas ta kama hannun Inna tana cewa sannu Iya, taka a hankali akwai tudu a nan, har cikin raina na ji daɗin yadda ta yi mata. Aka auna hawan jini aka soki yatsa aka duba suga, sannan aka zaunar da ita gaban allon nan mai harafin da ƙafafunsa ke kallon sama ko ƙasa ko gefe, don wanda bai yi boko ba ya nuna da hannu. Na saman ma mafi girma Inna ba ta gani da idon dama, sai da aka haska mata tocila ta ce eh tana ganin haske. Likitan ya ce alhamdulillahi, tunda tana ganin haske akwai sa rai. Ba kowa aka ɗauka ba fa, wanda sugansa ya hau aka ce ya je ya sauko da shi tukunna, wasu kuma aka ce nasu ba yana bace hawan jinin ido ne, gilakoma, wanda abin da ya tafi ba ya dawowa sai dai a tsare sauran da magani. Na ga wani dattijo ya zauna ya yi shiru bayan an gaya masa haka, likitan bai yi masa ƙarya ba kuma bai kore shi da sauri ba, ya tsaya ya yi masa bayani.

Washegari aka yi aikin. Allura aka yi mata a gefen ido, ba a sa ta barci ba, aka cire yanar aka sa mata ɗan gilashin roba a ciki, ta fito da bandeji. Ko kwabo ba a karɓa ba, har maganin ɗigawa da baƙin tabarau aka ba mu. Da safe da aka cire bandejin ta ɗan lumshe ido ta buɗe, ta kalle ni ta ce, kai Auta yaushe ka yi furfura haka a gemu. Na kasa magana, sai hawaye.

Yanzu inda raina ya ɓaci. Kafin a ba ka katin layi akwai wasu samari a bakin ƙofa da littafi, sanye da hula mai hoton ɗan takara, suna cewa a kawo katin zaɓe su rubuta lamba da akwatin da kake zaɓe. Na tambayi ɗaya, ɗan'uwa meye haɗin katin zaɓe da ciwon ido? Ya ce wai don a tabbatar ɗan mazaɓa ne. Na ce to ga katin ɗan ƙasa, ya yi jim sannan ya bar mu muka wuce. Amma tsofaffi nawa ne za su iya ja da su? Akwai wata baiwar Allah da ta taho daga ƙauye ba ta da katin, tana tsaye tana roƙo, sai da wani ma'aikacin asibitin ya fito ya yi musu faɗa aka shigar da ita. Ban sani ba ko da sanin mai gidan nasu suke yi, in ma bai sani ba ya kamata ya sani, don mara lafiya da ya zo a makance bai kamata a tsare shi da littafin siyasa ba. Sannan da ya iso wajen azahar da makaɗa da masu kyamara sai da aka tsayar da duba mutane kusan awa guda ana jawabi, tsofaffi na zaune cikin zafi an ɗiga musu magani ido ya buɗe rana na damunsu.

Babbar matsalar kuma ita ce bayan aiki. An ce mu dawo bayan sati biyu a duba, muka dawo, likitocin da aka ɗauko sun koma garinsu, ma'aikatan asibitin suka ce su ba a bar musu fayil ɗin kowa ba. Lambar wayar da aka rubuta a bayan katin na kira ta fi sau goma a kashe. Maganin ɗigawa kwalba ɗaya aka bayar, ya ƙare kafin lokacin da aka ce ta daina, na je kemis na siyo da kuɗina, sannan na kai ta wani asibitin ido a cikin gari aka duba aka ce komai lafiya. Ni ina da halin yin haka, wanda ya zo daga ƙauye da kuɗin mota na aro fa? Ido in ya kama ciwo bayan aiki kwana kaɗan ne ya lalace.

In za a sake yi, kuma ina roƙon a sake, duk mai tsoho da yana a ido ya kai shi, likitocin sun san aikinsu, wannan na shaida. Ku je da wuri, ku tafi da abinci da lema, in yana da suga ko hawan jini a fara shan magani tun kafin ranar, kuma kafin ku baro wajen ku tambayi sunan maganin da inda za a koma a rubuta muku a takarda. Shi kuma Honorabul, kuɗin makaɗa da fastoci na rana ɗaya zai isa a ajiye nas ɗaya ta wata guda tana duba waɗanda aka yi wa aiki.

Inna ta sauko da Alƙur'aninta daga kan kwaba, da tabarau na karatu take bi a hankali bayan sallar walha. Idon hagun yana nan yana ƙara rufewa, an ce sai zagaye na biyu, jiya ma na sake biyawa ta ofishin ɗan takarar na tarar da mai gadi kaɗai, ya ce in dawo ranar Litinin.