Injin sanyaya ruwan tankin murjani: wanne ya dace ka saya?

Murjani a ido kamar dutse yake, amma halitta ce mai rai. A cikin jikinsa akwai wata gansakuka 'yar mitsitsi, ita ke samar masa yawancin abincinsa daga haske, ita kuma ke ba shi launi. Ruwa ya ɗumama fiye da kima na 'yan makonni, sai ya kore ta, ya yi fari fat, in abin ya daɗe ya mutu. Haka ta faru a babban yankin murjani na gaɓar Ostireliya a 2016 da 2017, kuma ƙarin digiri 1 kacal a kan zafin da ruwan ya saba kaiwa a bazara ya isa ya jawo hakan. To, teku ke nan da faɗinsa. Ina ga tankin gilashi mai lita 300 a falo?

Masu kiwon murjani suna riƙe ruwansu tsakanin digiri 24 da 26. Kafin ka taɓa aljihu, ka sa ma'aunin zafi a tankin mako guda, ka riƙa rubuta abin da ya nuna da asuba da kuma la'asar. Zafin ba daga ɗaki kaɗai yake zuwa ba. Kowane famfo da ke nutse a ruwa yana zubar da zafinsa a ciki, fitilu ma haka, musamman tsofaffin fitilun nan masu haske kamar rana. Masu LED sun fi sauƙi. Wani lokaci canza famfo ɗaya ko ɗaga murfin tanki yana rage digiri guda, ba tare da ka sayi komai ba.

Mafi araha dai fanka ce. Aikinta irin na randa ne: iska tana kaɗa saman ruwa, wani ɓangare ya tashi, ragowar ya yi sanyi. Takan sauke digiri 1 zuwa 3, gwargwadon bushewar iska. A wuri kamar Kano ko Damagaram, lokacin rani, za ka sha mamakin ƙoƙarinta. Damina na sauka, iska ta cika da laima, sai ta zama ado. Akwai kuma inda gizo ke saƙar: ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan. Ruwan tanki ya kamata ya tsaya a kusan giram 35 na gishiri cikin kowace lita, don haka mai fanka dole ya riƙa ƙara tataccen ruwa marar gishiri kullum, ko ya sa na'urar da ke ƙarawa da kanta.

Na biyu shi ne ƙaramin abin sanyaya mai farantin lantarki, wanda ake kira Peltier. Ba gas, ba kwampireso, ba ƙara sai ta 'yar fanka. IceProbe ne aka fi sani a cikinsu, wat 50 yake ja. Na tanki ne ɗan ƙarami, kamar lita 40, kuma a ɗakin da ba ya zafi. In ka wuce nan, asarar kuɗi ce.

Sai mai kwampireso, wanda shi ne ainihin abin da ake nufi in an ce injin sanyaya ruwa. Firji ne, sai dai ruwan tanki yake sanyayawa. Iri biyu ne. Akwai wanda famfo ke tura ruwa ta cikinsa ya dawo tanki, akwai mai naɗaɗɗen bututu da ake tsomawa a ƙaramin tankin tace ruwa da ake ajiyewa a ƙarƙashin babban. Na tsomawa ba ya buƙatar haɗa tiyo, amma na farkon ya fi yawa a kasuwa, ya kuma fi sauƙin samu. Sunayen da za ka yi ta cin karo da su: Hailea na Sin, Teco na Italiya, Aqua Medic na Jamus, da JBJ Arctica da ake yawan sayarwa a Amurka. Hailea ya fi sauƙin kuɗi, Teco ya fi tsada amma ana yabonsa wajen rashin ƙara.

Ko wanne ka zaɓa, tambaya ta farko ita ce: da wane ƙarfe aka yi wurin da ruwa ke bi? Titaniyam kaɗai za ka yarda da shi. Ruwan gishiri yana cin yawancin ƙarafa, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani da jatan lande, ko da ɗan kaɗan ne ya narke. Shi ya sa dabarar nan ta ɗauko tsohon injin sanyaya ruwan sha a haɗa da tanki ba ta da kyau ko kusa.

Girma shi ne inda mutane suka fi yin kuskure. Ana auna injinan da HP, wato ƙarfin doki, daga 1/15 da 1/10 da 1/4 har zuwa 1/2 da 1. A jerin Hailea, misali, HC-150A 1/10 ne, HC-300A 1/4, HC-500A kuma 1/2. A jikin kwali za a rubuta yawan litar da injin ke ɗauka, amma wannan adadin yana tafiya ne da sharaɗin ɗaki mai matsakaicin zafi da ragin digiri kaɗan. Yi lissafinka da kanka. Sauke lita ɗaya da digiri ɗaya yana buƙatar a cire zafi kusan wat-awa 1.16. Tanki mai lita 300 da kake so ya sauko daga 30 zuwa 26, zafin da za a cire ya kai kusan wat-awa 1,400, kuma famfuna da bangon gilashi suna ci gaba da ƙaro wani. Kada ka manta da ruwan da ke tankin ƙasa, shi ma yana cikin lissafi.

Ni shawarata, in lissafi ya ajiye ka tsakanin girma biyu, ɗauki babban. Ƙaramin inji zai wuni yana gunji bai huta ba, ya sha wuta, ya mutu da wuri. Babban yakan tashi na ɗan lokaci ya kashe kansa. Wanda ke zaune inda watan Afrilu ke haura digiri 40, kamar Sakkwato ko Maiduguri, ya duba takardar injin ya ga iyakar zafin ɗakin da aka yarda ya yi aiki a ciki. Sau da yawa a irin wannan wuri sanya na'urar sanyaya ɗaki ita ce rabin maganin, injin tanki ya ƙarasa.

Wuta ma abin dubawa ce. Injin da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 110 zuwa 120 ne a kan hez 60 (hez shi ne yawan kaɗawar wutar a daƙiƙa ɗaya). Nijeriya da Nijar da Gana suna kan bolt 220 zuwa 230 a hez 50. Tiransifoma na gyara bolt, ba ya gyara hez, don haka tun farko ka nemi wanda aka yi wa Turai ko Ingila. Kwampireso kuma yana fizgar wuta sosai lokacin tashi, sai ka tabbata janareta ko infatarka za su ɗauka. Gas ɗin R134a, wanda yawancinsu ke amfani da shi, masu gyaran firji sun san shi, wannan ma sauƙi ne.

Kowane inji yana da iyakar gudun ruwan da yake so, an rubuta lita nawa a awa. Ruwa ya yi sauri, ba ya samun sanyi yadda ya kamata. Ya yi jinkiri, injin ya riƙa ganin ruwan cikinsa ya yi sanyi ya kashe kansa alhali tanki na nan da zafi. In kana da hita a tankin saboda sanyin hunturu, bar tazarar digiri ɗaya tsakanin saitinsu, kada wannan na ɗumamawa wancan na sanyayawa.

Wurin ajiya: kada ka kulle shi a cikin kabad ɗin da ke ƙarƙashin tanki. Zafin da ya ciro daga ruwa ta bayansa yake fitar da shi, in ba iska sai ya sake shaƙarsa. Ba shi fili ta kowane gefe, ka riƙa goge ragar gabansa, musamman in ƙurar hunturu ta taso. Ranar da aka kawo shi kuma, ka tsayar da shi daidai na wasu awanni kafin ka kunna, kamar yadda ake yi wa sabon firji, don man kwampireso ya koma mazauninsa.