Dawowar Oasis ko jiran kuɗin Spotify

Duba yadda Liam da Noel Gallagher, 'yan'uwan nan na ƙungiyar mawaƙa ta Oasis, suka shirya bayan rabuwarsu ta 2009, suka dawo dandali a birnin Cardiff na Birtaniya a 2025, wallahi nan kuɗin yake, tikiti ya ƙare nan take duk da farashi ya yi ta hawa a shafin sayar da tikiti na Ticketmaster mutane na kan layi, abin da ya ƙona ran masoya sosai. A manhajar sauraron waƙa ta Spotify kuwa tun 2024 waƙar da ba a saurara sau 1,000 a shekara ba ko sisi ba ta samu. Ni dai dandali na zaɓa, amma ƙaramin mawaƙin da bai yi suna ba tukuna ina zai cika sitadiyam, dole ya haƙura da Spotify ɗin.