Zagayen da na yi a cocin Phillips Brooks a Boston

Na sayi tikitin zagaya Cocin Trinity da ke dandalin Copley a Boston ne saboda ginin, amma da na fito, labarin limamin da aka gina ta a zamaninsa ne ya fi zauna mini a rai. Ni ɗan Angilika ne, a Wusasa na tashi, kuma cocin Episkopal ita ce 'yar'uwarmu ta Amurka, don haka ban ji baƙunta ba.

Mai yi mana jagora ta san aikinta. Daga gobarar 1872 ta fara, wadda ta cinye tsohuwar cocin shekara uku bayan Phillips Brooks ya zama limaminta a 1869. Aka ɗauko mai zanen gini H. H. Richardson, aka kafa sabuwa a kan fadamar da aka cike da ƙasa, bisa turakun katako kusan 4,500, aka keɓe ta a 1877. Sai ta tsayar da mu a tsakiya, ta ce mu duba ko'ina. Fili ne mai faɗi, ba dogon zaure ba, duk inda mutum ya zauna yana kusa da mai wa'azi. Nan na gane cewa don wa'azi aka yi ɗakin. Brooks dogo ne ƙwarai, mai saurin magana, kuma jama'a kan cika cocin maƙil don su ji shi.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zamansa a Filadelfiya lokacin yaƙin basasar Amurka, inda ya tsaya a mumbari ya yi tir da bautar da mutane ba tare da kwana-kwana ba. A can kuma, a 1868, ya rubuta wa yaran makarantar Lahadi waƙar Kirsimeti kan garin Baitalami, bayan ya kai ziyara garin da kansa a 1865. Ya zama bishop na Massachusetts a 1891, ya rasu a farkon 1893.

Kuɗin tikitin bai tafi a banza ba. Ku je da rana tsaka, lokacin da haske ke ratsa tagogin gilashi masu launi na mai zane John La Farge. Kafin ku wuce kuma, ku zagaya gefen ginin ku ga mutum-mutumin Brooks yana wa'azi, Yesu na tsaye a bayansa ya dafa masa kafaɗa. Na daɗe a gabansa, har abokan tafiyata suka dawo nemana.