Rumfar Gyaran Keke a Runjin Sambo: Aiki Mai Kyau a Matsattsen Wuri

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, na jingine babur na koma hawa tsohon keken mahaifina, ƙirar Phoenix, domin zuwa wurin aiki a Titin Ahmadu Bello da ke birnin Sakkwato. Duk wanda ya koma keke dole ya nemi mai gyara na amana, ni kuwa rumfa ɗaya nake zuwa, wadda ba ta da nisa da gadar saman Runjin Sambo, wadda aka gina a zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kamar ta Rijiyar Dorowa.

A kan aiki ba ni da abin da zan kushe wa mai rumfar. Idan na kai masa faci, yakan tsoma tib ɗin a kwanon ruwa, ya bi shi a hankali har kumfa ta nuna hujin, ya kankare wurin, ya shafa gam, sannan ya jira gam ɗin ya sha iska kafin ya manna, abin da masu gaggawa ba sa yi. Bayan haka sai ya laluba cikin tayar da yatsa har ya zaro ƙusa ko ƙayar aduwar da ta yi ɓarnar, don kada a sake dawowa gobe. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, ya taɓa ce mini, "Malam, kada ka riƙa cika mata iska da tsakar rana, kwalta ta ɗauki zafi." Kuɗin aikinsa ba ya wuce ƙima, sai dai kayan gyaransa kaɗan ne, domin fitila da robar birki sai da na je Babbar Kasuwa na sayo.

Matsalar tana ga wurin da rumfar take. Ta cinye gefen titi inda masu ƙafa ya kamata su bi, kuma idan kekuna huɗu suka taru, tilas 'yan makaranta da tsofaffi su sauka kan kwalta su gauraya da 'yan kabu-kabu da masu Keke Napep. Ban ɗora masa laifin duka ba, domin gadar ta sauƙaƙa wa motocin da suke miƙewa ne, alhali mu masu keke da masu ƙafa muna nan a ƙasa muna kokawa da masu shan kwana. Da a ce an rufe magudanan ruwa da faifan siminti yadda za a iya takawa a kai, an shata wa keke layinsa, an kuma sa tudun rage gudu kafin wurin tsallakawa, da irin wannan rumfa ta samu gurbi a baya ba tare da ta tare wa kowa hanya ba.

Ina ba masu keke shawarar su gwada mai rumfar, amma su je da hantsi, bayan yara sun shiga aji, lokacin da cunkoso ya ragu kuma ana iya kifa keke a gefe ba tare da an tura kowa kan titi ba.