Macbeth, bugun Folger: yana da amfani ga mai bin diddigin faɗuwar gwarzo?

Wannan bugu na Macbeth, wasan kwaikwayon William Shakespeare, na ɗakin karatu na Folger da ke Washinton, Amurka, wanda Barbara Mowat da Paul Werstine suka tace, tsarinsa ne babban abin da ke sayar da shi. Rubutun wasan yana shafin dama, bayanin kalmomi masu wuya yana shafin hagu daura da shi, kuma kowace fitowa tana da ɗan taƙaitaccen bayani a farkonta. Ba sai ka dinga juyawa ƙarshen littafi kana dawowa ba. Wasan ya iso mana ne ta kundin wasannin Shakespeare da aka buga a 1623 kaɗai, don haka duk inda masu tacewa suka gyara kalma, sun yi mata alama.

Ɗalibi da aka ce ya yi bayanin aibin da ya kai Macbeth ga halaka yakan rubuta “dogon buri” ya ajiye alƙalami. Littafin nan yana sauƙaƙa ganin cewa amsar ba ta cika ba, in dai an bi wuraren da suka kamata. A kashi na 1, fitowa ta 7, Macbeth da bakinsa ya lissafa dalilan da suka hana kashe Sarki Duncan: ɗan'uwansa ne, ubangidansa ne, baƙonsa ne. Har ya fasa. Gorin matarsa cewa shi ba namiji ba ne ya dawo da shi kan hanyar. To ashe akwai raunin zuciya tare da burin. A kashi na 3 kuwa, ya riga ya hau gadon mulki, babu sauran abin nema, amma ya yi hayar makasa a kan Banquo, abokinsa da mayu suka ce zuriyarsa za ta yi sarauta, ba tare da ya shawarci matar ba. Nan tsoro ne ke aiki. A kashi na 4, fitowa ta 1, mayu suka nuna masa cewa babu wanda mace ta haifa da zai cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Birnam ya taso zuwa Dunsinane, inda fadarsa take. Tsoron ya rikiɗe ya zama tsaurin ido, ya sa aka karkashe iyalan Macduff, wani hakimi da ya juya masa baya, kisan da bai ƙare shi da komai ba sai ƙarin maƙiyi. Sa alama a waɗannan wurare da fensir, ka haɗa da kashi na 5, fitowa ta 5, inda labarin mutuwar matarsa ya same shi zuciya ta riga ta bushe.

Inda bugun ya gaza: bayanan gefe na ma'anar kalma ne, ba fashin baƙi ba. Za su gaya maka abin da tsohuwar kalma ke nufi, amma ba za su zauna su warware maka ko mayun ne suka tura shi ko kuwa abin da ke ransa suka tono ba. Kuma Turanci ne ke fassara Turanci, sai ka ajiye ƙamus kusa. Ƙaramin bugun mai bangon takarda ba shi da fili sosai a gefe don rubutu. Lambobin layi ma sukan saɓa da na wasu bugu, musamman a wuraren zube kamar maganar mai gadin ƙofa, don haka duba wanda makarantarku ke amfani da shi kafin ka kafa hujja da lamba.

Mai binciken digiri zai buƙaci bugu mai zurfin sharhi, wanda ya tattauna yadda aka wanke Banquo daga hannun da tarihin Holinshed, littafin da Shakespeare ya ɗauko labarin daga ciki, ya ba shi a kisan Duncan. Ɗan sakandare da ɗan shekarar farko a jami'a, wannan ya ishe su.