An yi rantsuwa Yaya, yanzu saura zirga-zirgar takardu

Salamu alaikum Yaya, ya gida ya yara, ya jikin Inna, Allah shi ƙara sauƙi. A gaishe min da Kawu da duk mutanen Birnin Kebbi. Na ga saƙonninka sun taru kana tambayar yadda anka ƙare da rantsuwar zama ɗan ƙasar Amurka, to alhamdulillahi an yi lafiya lau, kuma tun kafin in yi nisa don Allah ka kwantar ma Inna da hankali, ban bar zama ɗan Najeriya ba. Gaskiya ne a cikin rantsuwar akwai inda mutum ke cewa ya janye biyayya ga wata ƙasa ko wani sarki na waje, amma tsarin mulkinmu na 1999 a sashe na 28 ya yarda wanda anka haifa ɗan Najeriya ya riƙe ƙasa biyu, koren fasfona yana nan a hannuna babu wanda ya ko tambaye shi.

Abin da sunka karɓe shi ne girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, tun a bakin ƙofa, katin da sai mutum ya shekara 5 da shi kafin a ba shi damar nema, in kuma ɗan ƙasa yake aure shekara 3. Zauren cike, ga Indiyawa ga 'yan Meziko ga 'yan Somaliya da hijabansu, ana kiran sunan ƙasa ɗaya bayan ɗaya mutanenta na miƙewa, da anka ce Najeriya mun tashi da dama amma galibi 'yan Kudu ne. Anka ɗaga hannun dama anka maimaita kalmomin, anka yi taken ƙasa, kowa da 'yar tutarsa, sai satifiket na zama ɗan ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki babu wani babban baƙo da anka zauna jira, lokacin da sunka rubuta a takardar gayyata shi ne lokacin, kuma ba ka ga kowa na raɓe-raɓe yana neman na goro ba.

Amma fa kar ka ɗauka kyauta ne, nan komai da farashinsa a rubuce kuma ba ragi ba sallama. Fom ɗin neman zama ɗan ƙasa, N-400 suke ce mai, dala 710 ne in ta intanet ka cike, a takarda 760, kuma ko ka faɗi jarrabawa kuɗin sun tafi. Satifiket ɗin ma in ya ɓace sai ka biya sama da dala 500 kafin a sake ba ka wani, kuma ba a so a yi mai laminetin irin yadda muka saba yi ma kowace takarda a gida.

To fasfo kuma, nan ne zan ce sun fi mu nesa ba kusa ba, a gidan waya ake yi Yaya, gidan waya na unguwa inda ake sayen kan sarki. Ka ɗauki lokaci ta waya, ka je da fom, dala 130 na fasfo 35 na masu karɓa, hoto 15, fasfon yana shekara 10. Hoton dai ku kun fi mu araha, mai hoton bakin sakatariya ai ba zai taɓa yanka maka wanga kuɗi ba. Ba a ɗauka da tabarau, hula ma sai ka cire, amma matata sun bar ta da hijabinta bayan ta sa hannu a takarda cewa na addini ne. Inda gabana ya faɗi shi ne da ma'aikaciyar gidan wayan ta ɗauki ainihin satifiket ɗin ta sa a ambulan ta ce da shi za a tura, ba kwafi ba, takardar da na sha wahalar shekaru a kanta!! Wallahi haka ya dawo ta akwatin wasiƙa na ƙofar gida, fasfo daban shi daban, ban kira kowa ba ban san kowa ba. Yaran da ba su kai 18 ba su ba sa rantsuwa, tunda suna da girin kad suna kuma zaune da mu sun zama 'yan ƙasa kai tsaye, waɗanda ba su kai 16 ba fasfonsu na shekara 5 ne sai dai ana son uwa da uba su je tare.

Sauran ƙanana ne, ofishin Social Security, masu ba da lambar aiki da fansho, a gyara bayani, rajistar zaɓe da anka raba muna fom tun a wurin taron, sai lasisin tuƙi.

Abin da nake so ka riƙe da kyau shi ne zancen suna. Kwamfutarsu ba ta san Muhammad da Mohammed da Muhammadu mutum ɗaya ne ba, ba ta san mu kan sa sunan uba yau gobe mu sa sunan gari ba, a wata takarda kai ne wane Abubakar a wata kuma wane Jega ko Argungu. A gida sai ka ruga kotu ka yi afidabit magana ta ƙare, nan kuwa harafi ɗaya na iya tsayar maka da aiki, kuma ba wanda za ka ce ma ranka shi daɗe a duba min. Ko namu na Najeriya yanzu ai ba a sabunta fasfo sai da NIN kuma dole bayanan su zo ɗaya, ga shi ofisoshin jakadancinmu a nan uku ne, Washinton, Niyok da Atlanta, ni da ke Houston kuɗin jirgi da masauki kawai abin dubawa ne. Don haka ka tattara takardun yaran gida, ta haihuwa, ta firamare, WAEC da NIN, ka baje su a tabarma ka duba suna da ranar haihuwa tun yanzu, musamman na babban ɗanka da ke maganar karatu a waje.

Da anka dawo gida mun ɗan yi walima, shinkafar shagon 'yan Afirka ce munka dafa, tsada gare ta kuma ba ta kai tamu ta fadama ƙamshi ba. In Kawu ya sami mai zuwa a aiko min da yaji da kuka, kilishi kam kar a saka, kwastan ba sa barin nama ya shigo.