Legas zuwa Ibadan a kan keke: babbar hanya ko ta Abeokuta?

Malam, ka ce kana shirin tafiya gida Arewa a kan keke daga Agege, da kayanka a kariya, kuma kana son sanin wadda ta fi dacewa da ranar farko: babbar hanyar Legas zuwa Ibadan ko wadda ta bi ta Abeokuta. Ni dai ta Abeokuta zan nuna maka, duk da cewa ita ce mai nisa.

Babbar hanyar, wadda aka buɗe a 1978, tsawonta kusan kilomita 127 ne, kuma a miƙe take. Keke mai ɗauke da kaya yakan ci kilomita 15 zuwa 18 a awa idan mahayin yana da ƙwari, wato awa bakwai zuwa takwas da rabi na tuƙi zalla, ban da tsayawar salla da cin abinci da faci. Wunin Legas kuwa kusan awa goma sha biyu ne a kowane lokaci na shekara, saboda kusancin garin da tsakiyar duniya, don haka wanda ya fito bayan asuba ba shi da rarar lokaci mai yawa. Nisan ma ba shi ne babban abin tsoro ba. Daga Berger, a mafitar Legas, za ka wuce Kara, ka hau doguwar gada, inda babu wurin kaucewa, ka wuce Ibafo da Mowe, a gefenka kuwa tankokin mai da tirelolin da suka ɗauko kaya daga tashar jiragen ruwa ta Apapa. Tirela idan ta zo wucewa da gudu, iskarta takan fara ture ka waje, sannan ta jawo ka ciki lokacin da bayanta ya gifta, kuma keke mai nauyi a baya yakan yi tangal-tangal daidai wannan lokacin. Gyaran da aka yi wa titin ya sa kwalta ta yi sumul, amma direbobi ne suka fi cin moriyarsa, domin gudu ya ƙaru. Alherin hanyar shi ne ba za ka rasa 'yan uwa ba: akwai Sabo a Shagamu, tsohuwar cibiyar cinikin goro, ga kuma Ogere inda direbobin manyan motoci ke yada zango, da masallaci da mai shayi da tuwo.

Ta Abeokuta kuwa a ƙofar gidanka take farawa. Daga Agege sai Abule Egba, Sango Ota, Ifo, Papalanto, Ewekoro, Itori, har ka shiga Abeokuta, kimanin kilomita 80. Ba zan yabe ta fiye da kima ba. Cunkoson Sango Ota sananne ne, 'yan danfo (ƙananan bas na haya) da 'yan acaba suna tsayawa duk inda suka ga dama, titin ya daɗe yana fama da ramuka, kuma a kusa da kamfanin siminti na Ewekoro za ka sha ƙura tare da manyan motoci. Da damina ramin da ruwa ya rufe yana iya lanƙwasa maka ƙafar keke. Sai dai duk waɗannan abubuwa ne da ke rage gudun mota, kuma mai keke ya fi samun sauƙi a inda mota ke rarrafe. Garuruwan suna kusa da juna, saboda haka ruwan sha da inuwa da mai faci ba sa yin nisa.

Ga yadda wunin zai kasance. Ka fito da zarar gari ya yi haske, da fitila ja a baya da riga mai ƙyalli, domin ka tsere wa cunkoson Ota. Kafin hantsi ya dubi ludayi ya kamata ka wuce Ifo. Daga sha biyu zuwa uku ka nemi inuwa ka zauna, domin zafin kudu mai gumi ne, ba irin busasshen zafin gida ba. Riga takan jiƙe sharkaf ba ta bushewa, mutum kuma yana asarar ruwa da gishiri bai ankara ba. Ka riƙa kurɓa kafin ƙishi ya kama ka. Da la'asar sai ka ƙarasa, ka sauka a Sabo ta Abeokuta da sauran haske, ka duba kaca da birki, ka ɗaure abin da ya kwance. Batun kasaru, nisan da malaman Malikiyya suka ƙayyade mil 48 ne, kuma tafiyarka ta zarce shi nesa ba kusa ba.

Washegari saura kilomita 75 zuwa 80 ka isa Ibadan, a kan hanya mai hawa da gangara wadda za ta nuna maka ko kayan da ka ɗaura sun yi yawa. Ka ƙara wa tafiyar kwana ɗaya ke nan, amma wanda zai yi mako biyu ko fiye a kan sirdi bai kamata ya ƙarar da gwiwarsa tun ranar farko ba. Idan kuma keken ya ba ka matsala, jirgin ƙasan Legas zuwa Ibadan da ya fara aiki a 2021 yana tsayawa a Abeokuta. Ka dai tambayi ma'aikatan tashar tun da wuri ko za su karɓi keke.